Fatihar da Na Shafa a Kasuwar Tattasai

Daga Difa, zuwa ga Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, kin sauka Yamai ba tare da wata matsala ba. Yaya gajiyar hanya? Hanyar nan na san ta, mutum yakan bar Difa da ƙuruciyarsa ya isa Yamai da ciwon baya. Allah ya huce miki gajiya, ya tsare ki a garin da ba naki ba, ya haɗa ki da mutanen kirki. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci, kamar dai ita ta taɓa ganin ranar da kika yi wasa da abinci.

Kada ki yi dariyar rubutun nan. Idon dama ya riga ya ajiye aiki, na hagu ne kaɗai ke fama, shi ya sa haruffan suka fito ƙato-ƙato kamar na ɗan ajin farko.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kina samun sa a waya wajen innarki har da ƙari. Magana ɗaya ce kika yi a tasha, ƙafarki ɗaya a cikin mota, ta tsaya mini a rai. Kika ce, "Baba, kada ka damu. Wa'adin ƙarshen wata ne. Ranar da ya cika za mu sa hannu, in hau mota in zo in raka ka aikin idonka." Na ce Allah ya sa, don tasha ba wurin doguwar magana ba ce. Amma tun da na dawo gida maganar take damuna.

Abokan aikinki, ungozomomi da masu jinya 'yan kwantiragi tun daga cikin Difa har Sayam, sun zaɓe ki ki je ki zauna da masu ba ku aiki a kan sabuwar yarjejeniya. Ni kuma likita ya sa mini ranar cire yanar ido a makon da ke bin ƙarshen watan. Ke sai kika ɗauki abu biyun nan kika ɗaure su da igiya ɗaya. Tsorona shi ne ranar da wa'adin zai cika a miƙo miki alƙalami alhali magana ba ta ƙare ba, ki tuna da tsohon ubanki da idonsa, ki sa hannu. Na san wannan tsoron ba na banza ba ne, domin ni na taɓa yin haka, kuma ba ni na biya ba, wani ne ya biya.

Kin tashi kin ji ana ce mini delege, wato wakilin sandika, ƙungiyar 'yan dako a kasuwar tattasai. Lokacin da abin da zan gaya miki ya faru kina goye a bayan innarki. Aikinmu kin san shi: a cika buhu da busasshen tattasai, a ɗinke, a ɗora a kan manyan motoci. Buhun ba shi da nauyi sosai, girma gare shi, shi ya sa 'yan kasuwa ke son a yi ta jibgawa har kayan su ninka tsayin motar. Ga ƙurar tattasai da ke shiga ido da maƙogwaro, duk wanda ya yi shekara a wurin da tarinsa ake gane shi. Kowace shekara, idan ruwan Komadugu ya fara ja baya, lambunan Shetimari suka yi jajir, sai mu zauna da 'yan kasuwa a ƙarƙashin babbar rumfa mu daidaita ladan dako da sauran abubuwa. Ba mu cika damuwa da takarda ba. Idan an gama, limamin masallacin kasuwa ya ɗaga hannu a karanta Fatiha a shafa. Abin da aka faɗa da baki kafin Fatihar nan ya zauna, abin da ba a faɗa ba kuwa sai baɗi. Ba wanda ya isa ya sake buɗe maganar da aka shafa wa Fatiha, ko da shi ne ya fi kowa dukiya a kasuwar.

Wautata ta fari tun kafin a fara zama na tafka ta. Sabon delege ne ni, jini na tafasa. Na hau kan tarin buhuna na ce wa mutanena, "Wallahi kafin motar farko ta tashi daga kasuwar nan an gama magana!" Suka yi ta tafi, ni kuma kaina ya kumbura. Ban san cewa kafin la'asar rantsuwar ta isa kunnen 'yan kasuwa ba. Daga ranar sun san akwai lokacin da ni nake tsoro fiye da su. Ba su ma buƙatar su yi gardama da ni, su dai zauna su sha shayi su bar ranar ta matso.

Saboda haka, Ummi, idan mutanenki suka kira suka ce yaushe, kada daɗin bakinki ya ɗebe ki. Ki gaya musu inda aka kai, da abin da ya rage, da abin da ya ƙi. Rana kuwa kada ki yi musu alkawarinta. Na ga ni kin riga kin yi mini irin wannan alkawarin, to na warware miki shi tun yanzu.

Mai magana da yawun 'yan kasuwa a lokacin Alhaji Kiyari ne, Allah ya jiƙansa, dogon Babarbare mai sanyin murya wanda ko kunama ta harbe shi sai ya gama gaisuwa kafin ya ce wayyo. Mu zauna, a gaisa, a tambayi gida da yara da ruwan kogi, a kawo shayi, in zuba bayani har maƙoshina ya bushe, sai ya ce, "To, Habu, mun ji. Za mu duba." Zama na gaba ma haka. Ni kuwa na ɗauka raini ne. Wata rana raina ya ɓaci na miƙe tsaye na ce masa in dubawa ce ai ko makaho ya isa ya gama dubawa. Ga shi yau ni ne makahon, Allah ya nuna mini. Alhaji ya tattara rigarsa ya tashi, kuma wannan maganar kaɗai ta ci mana zama biyu, don sai da aka tura dattawa suka ba shi haƙuri.

Bayan shekaru, da muka tsufa muka zama abokan hira, na tambaye shi dalilin wannan jan ƙafa. Ya yi dariya ya ce, "Habu, kai kana tsammani motocin nawa ne? Ni ɗan aike ne kamarka. Duk abin da ka faɗa sai na kai wa mutum goma, wani yana Maine, wani ya ƙetare kogi, wani ba ya magana da wani. Kuma in na ce na yarda a zaman farko, su ce na sayar da su. Kai ma in na yarda maka da wuri, mutanenka su ce ashe kaɗan ka roƙa. Dole kowa ya ga mun yi gumi."

Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba a kan abin da ke sa irin wannan zama ya wuce wa'adinsa. Kowane ɓangare yana ɓoye abin da zai iya bayarwa na gaskiya, yana jiran ɗayan ya fara motsi, kuma ba wanda ke motsi sai ranar ta zo ta tsaya a kansu. Ranar wa'adi sau da yawa ita ce ranar da ake fara maganar gaske. Duk zaman da aka yi kafin ta awon juna ne. To wanda ya fara maganar gaske yau, yaya za a yi ya gama ta yau? Saboda haka idan wanda ke gabanki ya ce zai kai wa na sama, kada ki yi saurin cewa maƙaryaci ne. Wataƙila nasa shugaban ma yana jiran wani shugaban a wata ƙasa. Ki tambaye shi cikin ladabi wa ke da ikon cewa e, kuma yaushe za a ji daga bakinsa. Kuma ki riƙe harshenki. Kin gaji zafin baki, ba zan faɗi wajen wa ba tunda tana zaune kusa da ni tana tankaɗe.

Akwai kuma abin da ban gane ba sai da na sha wuya: ba 'yan kasuwa kaɗai ke ja ba, namu ma suna ja. Na ɗauka 'yan dako abu ɗaya ne, ashe ba haka ba ne. Akwai masu lambu a bakin kogi da ke dako don ƙari, su so suke a gama da wuri don nasu tattasan ma ya samu mota. Akwai 'yan cikin gari da ba su da komai sai ƙarfinsu, su ladan ne damuwarsu. Sai kuma 'yan tsiraru masu hawa can ƙololuwar kaya su jera buhuna su ɗaure igiya. Waɗannan ba su da yawa, muryarsu ba ta cika rumfa, amma su ne ransu ke hannun Allah kullum. Rabin lokacina ya tafi wajen sasanta mutanena da junansu kafin in je in fuskanci Alhaji Kiyari.

Cikin masu hawan akwai Ari, mutumin Gagamari. Kin san shi, shi ne Baba Ari mai ɗinkin buhu da ke ba ki dabino kina ƙarama. Ke da ɗingishi kika san shi. Ni na san shi yana hawa mota kamar yana hawa gadonsa, yana waƙa da Barbarci a can sama. Tun kafin a fara zama ya ja ni gefe ya ce, "Habu, lada dai ku yi yadda kuka ga dama. Ni magana ɗaya ce tawa. Mutum in ya faɗo daga sama, wa zai ɗauki jinyarsa? Kada ka bari a shafa sai an faɗi wannan da baki." Na dafa kafaɗarsa na ce ya kwantar da hankalinsa.

Na kawo maganar a zaman farko, Alhaji ya ce a bar ta zuwa gaba, a fara da lada. Na yarda, don lada ne kowa ke ihu a kai. Haka ake yi a ko'ina, ki lura: abin da ya fi wuya, ko wanda ya shafi mutane kaɗan, shi ake turawa ƙarshe, a ce ai za a zo kansa. Sai lokaci ya ƙure a tarar da shi yana nan zaune ba wanda ya taɓa shi. Nan ne wa'adi yake karyewa, ko kuma a karya mutanen da maganar ta shafa.

Ana cikin haka aka aiko mini daga Damagaram cewa mahaifiyata, mai sunanki, ba ta da lafiya, in zo. Ummi, daga wannan saƙon hankalina ya rabu biyu. Jikina yana rumfa, zuciyata tana kan hanya. Ina so in tafi, rantsuwar da na yi a kan buhuna ta riƙe ni. Ga motoci sun fara jeruwa a bakin kasuwa, direbobi suna zagi, manoma sun kawo kaya sun zube.

Ranar da motar farko za ta yi lodi, da hantsi, Alhaji Kiyari ya gyara zama ya faɗi ladan da muke nema, bai rage komai ba. Rumfa ta kaure da murna. Mutane suna rungumar juna, wani ya ɗaga ni sama. Liman ya dube ni ya dubi Alhaji ya ce, "To, an gama ke nan?" Na hango Ari a bakin rumfa, bai yi murna ba, ni kawai yake kallo. Na san abin da idonsa ke faɗa. Amma na ce a raina, ai yanzu an yi daɗi, in na dawo daga Damagaram sai in samu Alhaji mu biyu mu ƙarasa wannan 'yar maganar. Akwai motar Damagaram da za ta tashi bayan azahar, ita nake lissafi. Na gyaɗa wa liman kai. Ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, ni ma na ɗaga. Aka karanta, aka shafa. Ko gida ban zauna ba, na ɗauki jakata na nufi tasha.

Na isa Damagaram na tarar da tsohuwa zaune a tabarma tana shan kunu tana faɗa da maƙwabciyarta a kan wata akuya. Zazzaɓi ne ya kayar da ita, ya kuma sake ta. Bayan wannan sai da ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, har ta ga kin fara zuwa makaranta. Da muka gaisa ta ce, "Na ji kuna rigima da masu kuɗi. An gama?" Na ce an gama, Inna. Ta dube ni ta ce, "An gama, ko dai kun gaji?" Na yi dariya na kawo wata hira. Ba ta sake tambaya ba, amma ba ta ce mini sannu da ƙoƙari ba.

Da na dawo na yi niyyar samun Alhaji, sai aiki ya yi yawa, yau gobe, yau gobe. Kaka ta yi tsakiya, wata rana igiya ta kufce wa Ari yana can sama, ya faɗo a kan ƙugunsa. Ba na wurin, ina ɗaya gefen kasuwa, ihu na ji. Da na zo na tarar an kwantar da shi a kan buhunan banza, bai suma ba, leɓensa kawai yake cizawa.

Na tafi wurin Alhaji Kiyari a guje. Mutumin kirki ne, ya sa hannu a aljihunsa ya taimaka, ya aika da hatsi gidan Ari. Amma da na ce jinyar gaba ɗaya a kan masu motar take, sai ya girgiza kai ya ce, "Habu, wannan sadaka ce na yi. Abin da kake faɗa hakki ne, kuma ba a faɗe shi kafin Fatiha ba. In na kai musu yanzu, su ce wa ya buɗe abin da aka shafa?" Na je wurin liman, ya ce mini, "Ɗana, ai na tambaya. Kai ka gyaɗa kai." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Mu 'yan dako muka yi karo-karo, bai kai ko'ina ba. Aikin da ya kamata a yi masa a babban asibiti bai samu ba, aka kai shi wurin maɗori. Ƙashin ya kama, amma a karkace, ƙafar ta gajarce. Bai sake hawa mota ba. Na yi ta zuwa gaishe shi ina jiran ranar da zai zage ni in samu sauƙi, bai taɓa yi ba. Sau ɗaya kawai, ina zaune a bakin shimfiɗarsa, ya ce, "Habu, ranar nan na ga ka gan ni." Shi ke nan abin da ya faɗa. Har yau in na tuna kalmomin nan abinci yakan fita raina.

Da shekara ta zagayo ban hau buhun kowa na yi rantsuwa ba. Na ce maganar faɗuwa ita za a fara, ba lada ba. Aka yi ta ja. Ranar motar farko ta zo ta wuce ba a gama ba. Ba zan ɓoye miki ba, kwanakin nan sun yi ɗaci. Ba aiki, ba shiga. Innarki ta riƙa tsinka miya har ana ganin gindin tukunya, ba ta ce mini uffan ba, Allah ya saka mata. Mutanen da suka ɗaga ni sama bara su ne suka riƙa cewa an saye ni, wasu suka ce saboda mutum biyar zan kashe mutum ɗari da yunwa. Masu lambu suka daina amsa gaisuwata.

Sai aka sake zuwa irin waccan ranar. 'Yan kasuwa suka ƙara lada don a rufe baki, rumfa ta ɗauki murna, liman ya ce an gama ke nan, ya fara ɗaga hannu. Ummi, ban san ko za ki gane nauyin abin ba. A ce malami ya ɗaga hannu zai karanta Fatiha, dattawa sun ɗaga, kai ɗan Musulmi ka bar naka a kan gwiwa. Ji na yi kamar kowa a kasuwar ni yake kallo. Na danne hannuwana na ce, "Allah gafarta Malam, da saura." Wani daga baya ya ce, "Kai, Habu, Fatiha za ka hana?" Na ce ba hanawa na yi ba, so nake in an shafa ta ta rufe kowa, har da na sama. Liman ya sauke hannunsa a hankali ya ce, "To, a faɗi sauran."

Ba a faɗe shi ranar ba. Sai da aka ƙara kwanaki, Alhaji ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. A ƙarshe ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa wanda ya faɗo a bakin aiki jinyarsa tana kan mai kaya da mai mota, kuma aka sa iyakar tsayin lodi. Sannan muka shafa. Tun daga lokacin mutane sun faɗo, an kuma yi musu magani. Ari dai bai ci moriyar wannan yarjejeniya ba, ta zo masa a makare da shekara guda.

Kada kuma ki ɗauka ina ce miki jan magana shi ne gwaninta. Bayan wannan nasarar kalmar "da saura" ta yi mini daɗi a baki, har wata shekara na riƙe zama a kan abin da bai taka kara ya karya ba, don kawai a ce Habu ba ya lanƙwasuwa. Tattasan wasu manoma ya daɗe a ƙasa har ya dushe ya faɗi daraja, kuma ba su yi mini laifin komai ba. Ranar innarki ta buɗe baki, kuma ban ji daɗin abin da na ji ba. Kowace rana da aka ƙara bayan wa'adi akwai wanda ke biyan ta, a wurinku ma mata masu naƙuda ne da marasa lafiya. Saboda haka duk safiya ki tambayi kanki: abin da nake riƙe da shi ɗin nan, na wani ne da ya dogara da ni, ko na girman kaina ne? In na girman kai ne, sake shi kafin azahar. In na wani ne, riƙe shi ko da an zage ki.

Na ji ki kuna hira da innarki kafin ki tafi, kina ba ta labarin abokiyar aikinki ta Sayam, wadda ta zo daga ƙetaren kogi da iyayenta lokacin tashin hankali, ta yi karatu a nan ta zama ungozoma. Kin ce tana ɓoye cikinta da babban hijabi don tana tsoron in ta tafi haihuwa ba za a sabunta mata kwantiragi ba. Matar da ke karɓar haihuwar mutane dare da rana, ita tata haihuwar ta zama abin ɓoyo. Kin ce ta riƙe hannunki ta ce kada ki manta da su. Na san yadda za a yi da maganarta. Za a ce a fara da albashi, wannan a bar shi zuwa gaba. Masu ciki ba su da yawa a cikinku, na Sayam suna da nisa, ba za su cika miki waya da kira ba. Ki sa maganarta a gaba tun yau, kada ki bari ta kwana a ƙarshen layi.

Ku can ba liman gare ku ba, na sani. Naku alƙalami ne, da musafaha, da mai ɗaukar hoto yana cewa a matso a yi murmushi. Amma nauyin iri ɗaya ne. Za a zo lokacin da kowa a ɗakin ya gaji, an ba ku wani abu mai daɗi, abokan tafiyarki sun fara tattara jakunkuna, manyan mutane da suka girme ki suna kallon ki suna jira. Ke ce ƙarama, ke ce mace, ke ce kika zo daga nesa. Kunya za ta kama ki. A lokacin ki ajiye hannunki a kan cinyarki, ki ce cikin ladabi akwai saura. Ba sai kin ɗaga murya ba. Kuma kada ki yarda da "za mu ƙarasa daga baya mu biyu". Abin da bai shiga ba kafin a rufe, bai shiga ba.

Sauran kuwa ƙanana ne. Ki gaida kowa a wurin, tun daga mai gadi har shugaba, don ba ki san bakin da zai kai maganarki inda ba ki isa ba. Wanda kuka yi zafi da shi da safe, ki gaishe shi da yamma, gobe ma shi za ki tarar a kujerar. Ki riƙa kiran mutanenki ko babu labari mai daɗi, shiru ne ke sa a fara cewa an saye ki. In an faɗa ɗin ma kada ki yi kuka a gabansu, ki kira innarki ki yi mata. Ki tsare sallarki a kan lokaci ko zama ya yi tsawo.

Yanzu maganar idona. Ranar da likita ya sa tana nan, ba zan ɗaga ta ba, kuma ba zan jira ki ba. Aikin ba wani babba ba ne, an yi wa mutane da yawa a unguwar nan sun dawo suna ganin abin da ma ba a so su gani. Innarki za ta je. Ari ma ya ce lallai da shi za a tafi, shi zai riƙe mini hannu, na ce to, gurgu ya ja makaho, ma'aikatan asibiti su sha kallo. Da na gaya masa abin da kika faɗa a tasha, ya daina ɗinkin da yake yi ya ce, "Ka gaya wa yarinya ta zauna. Mu muna nan."

Ba zan yi miki ƙarya ba, Ummi. Ina jin tsoron aikin nan kaɗan, kuma ranar da za a cire mini bandeji fuskarki nake so in fara gani. Na yi shekara biyu ina ganin ki kamar ta bayan labule, ina kewar fuskar nan ƙwarai. Amma na san yadda fuskar mutum take komawa idan ya baro wani a baya don ya yi sauri, na daɗe ina ɗauke da irinta. Ba ita nake so sabon idona ya fara gani ba. Ki zauna har a gama da gaske, ko wata zai ƙara wucewa. Sabon idon zai jira ganinki, ni ma haka.

Allah ya tsare ki a zamanki da tashinki, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki. Allah ya sa miki gaskiya a harshe da sanyi a zuciya, ya ba ki ƙarfin riƙe amanar waɗanda suka aike ki. Ya dawo mana da ke lafiya a ranar da ya ga dama. Allah ya yi miki albarka, uwata.

Ni ne mahaifinki,
Habu.